Wane albam ne kake ji daga farko har ƙarshe ba ka tsallake ko waƙa ɗaya ba?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masu kunnen waƙa a gidan nan, manya da yara. Waƙar da ta fi burge mutum kowa yana da ita bila adadin, don haka ita ban tambaya ba. Albam nake nufi, guda cur, wanda in ka kunna shi hannunka ba ya zuwa wajen tsallakewa har ya ƙare da kansa. Ina ganin wannan ɗabi'ar tana neman ɓacewa, yanzu waƙa ɗai-ɗai ake tsinta a waya.

Ni nawa Exodus ne na Bob Marley, na 1977. Waƙar farko, Natural Mystic, a hankali take tasowa daga can ƙasa, har ka kai hannu za ka ƙara murya sai ka ji ashe tana tafe. Gefen farko duk zancen zalunci ne da ƙaura da hisabi. Ka juya kaset, sai soyayya da lallashi. An harbi mutumin nan a gidansa a Kingston a Disambar 1976, ya bar Jamaika ya koma Landan, a can ya yi aikin. In ka san haka sai jerin waƙoƙin ya fito maka fili: ya fara da ciwon, sannan ya sauko. Wanda ya ciro Three Little Birds ita kaɗai ya sa a waya, bai san abin da aka sha kafin a kai ga wannan sanyin ba.

To bismillah, kowa ya kawo nasa, kowane irin kiɗa, kowane zamani.

Direban Dogon Zango:
Wa alaikumus salam Malam. Mu da muka tashi a kan titi tambayar nan tana da wuya, don mu ba albam muke saya ba. A tasha za ka tsaya wajen mai kaset ka ce ya cika maka C90 da Don Williams. Shi zai zaɓo daga fayafayai uku ko huɗu ya jera yadda ya ga dama, ya rubuta suna da biro a bayan kwali. In wuri ya rage a ƙarshen gefe ya cusa Kenny Rogers ko Jim Reeves. To wannan kaset ɗin shi ne albam ɗina. Har gobe in wata waƙar Don Williams ta ƙare, kunnena yana jiran wadda mai kaset ya sa a bayanta, in wata daban ta shigo sai in ji wani iri.

Muryar mutumin nan ba ta gaggawa, ba ta ihu. Tsakanin Tegina da Mokwa da tsakar dare, ga lodi a bayanka ga ramuka a gabanka, ba ka son mawaƙin da zai tayar maka da jini.

In kuwa dole sai na ambaci albam na asali, Prisoner na Lucky Dube, 1989. Wannan na saye shi da kwalinsa mai hoto. Ranar da rediyo ta ce 'yan fashin mota sun harbe shi a Johannesburg, a Oktoban 2007, sai da na gangara gefen titi na kashe mota na ɗan zauna.

Baffa na Gusau:
Ku yi haƙuri, ni tambayar ita kanta nika ja da ita. Albam abin Turawa ne, an yanka shi daidai da faɗin faifan garmaho, minti ashirin da 'yan kai kowane gefe. Makaɗanmu ba su san wanga awo ba. Musa Ɗanƙwairo in ya durƙusa gaban sarki da kotso da 'yan amshinai, ba agogo ka tsai da shi ba. Narambaɗa don Sarkin Gobir na Isa ya yi waƙa, kasuwa ba ta cikin lissafinai, kuma abin da munka gada nashi ɗan abin da masu na'ura sunka samu ɗauka ne. Shata ko, Allah ya jiƙan shi, Bakandamiyar tashi kala nawa ce? Ka ji ta wurin wanga, ka ji ta wurin wancan, baitoci sun bambanta, don duk inda ya yi ta sai ya ƙara mata wani abu, ya rage wani. Wanda ya ce maka ga albam ɗin Shata, gulbi ya je da kwalba ya ɗebo, ya dawo ya ce maka ga gulbin.

Baban Hanifa:
Baffa, Allah ya ƙara girma. Amma ai kamfanin EMI ya buga fayafayan Shata na garmaho, da hotonsa a jiki, mutane sun saya sun ajiye. Kuma ko waƙa ɗaya ce ta cinye gefen kaset, akwai tsari a cikinta. Ka lura da yadda yake sako gindin waƙa, ya bari kalangu ya zauna daram, sannan ya fara hawa, ya yi kirari, ya yi zambo, ya dawo kan wanda ake yi wa. Wanda ya yanko minti ɗaya daga tsakiya ya ɗora a TikTok, asarar da ya jawo wa mai sauraro iri ɗaya ce da ta wanda ya ciro waƙa daga Exodus.

Baffa na Gusau:
Wanga na yarda da shi. Amma tsarin na Shata ne, ba na kamfani ba.

Maman Ikram:
Sannunku da hira. Na ga har yanzu maza ne ke ta magana a kan maza. Baffa, a cikin gida mu ma muna da namu da ba a yanka da agogo ba. Barmani Choge, Allah ya ji ƙanta, 'yar Funtuwa, ta rasu a 2013. Wanda bai taɓa zama a wajen amada ba, ga ƙwarya a kife ana duka, wata a cikin ruwa tana ba da wannan sautin mai zurfi, mata sun kewaye ba namiji ko ɗaya, bai ji Barmani ba, kaset kawai ya ji. Tana faɗa wa mace ta tashi ta kama sana'a, ta daina zaman jiran na cefane, da irin bakin da iyayenmu ke jin kunyarsa a gaban mutane amma suke dariyarsa a ɗaki.

Albam kuwa irin wanda Baban Hanifa yake nufi, nawa Moussolou ne na Oumou Sangaré, 'yar Mali. A Abidjan ta ɗauke shi a 1989 tana da shekara 21. Ba na jin yarensu, amma tun kafin a gaya mini abin da take cewa na san mace ce ke kai ƙara. Daga baya na ji ashe zancen auren dole take yi da 'yancin yarinya ta zaɓi wanda take so. Kayan kiɗan kaɗan ne, wata molo tasu mai tsirkiya da yawa da ake ce wa kamale ngoni, da goge irin na Turawa, da 'yan mata masu amshi. Ba cunkoso. Ina iya kunna shi in tsince shinkafa, in yi wanke-wanke, in gama girki, bai gundure ni ba.

Sai kuma na Indiya, wanda na san rabin masu karanta wannan suna ji a ɓoye. Waƙoƙin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995. Lata Mangeshkar ta ba shekara sittin baya lokacin da ta rera su, amma in ka rufe ido sai ka rantse budurwa ce. Mahaifiyata ita kuma ba ta wuce Mother India na 1957 ba, tana cewa tun daga nan Indiyawa suka fara lalacewa.

Ɗan Zoo Road:
Anti kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni a situdiyo nake aiki, kuma na san za a zo kanmu a ce mu muka kashe waƙa, to gara in riga ku. Cewa albam ya mutu a wajenmu ba haka ba ne. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef sun shekara da shekaru suna fitar da albam cikakke, jama'a na jiran sa kamar yadda ake jiran sabon fim. Matsalar ita ce ranar da ya fita, ranar zai faɗa hannun masu tura waƙa a kasuwa. Yaro ya miƙa memori, a zuba masa waƙa ɗari biyar an gwamutsa ta kowa da kowa, sunayen ma duk an canza. Ta yaya zai san wadda mawaƙi ya sa a farko da wadda ya sa a ƙarshe? Kuma kuɗin bai zo hannun mai waƙar ba. To wanda ya ga haka, me zai sa ya zauna wata shida yana jera waƙa goma sha biyu? Gara ya saki ɗaya mai zafi ya samu biki. Jaruma ta Hamisu Breaker a 2020, lokacin kullen korona, waƙa ɗaya ce ta zagaye ko'ina har matan aure suna ɗora bidiyon rawa a gaban mazajensu. In kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza.

Baffa na Gusau:
Ɗana, ni ba yawan waƙa ko ƙarancinta ka damuna ba. Kiɗan ne. Duk fiyano guda, duk murya an wuce da ita cikin na'ura ta fito sumul. Kalangu in makaɗi ya matse tsarkiya ƙarƙashin hammata sautin ya hau, ya sake ya sauka, magana yaka yi, mai kunne na jin abin da ya ce. Naku ba ya numfashi.

Ɗan Zoo Road:
Baffa, wallahi ina jin zafin maganar nan don akwai gaskiya a ciki. Amma ka san nawa ake kashewa a tara makaɗa biyar a ɗaki a ɗauke su? Ga kuɗin man janareta, ga na makaɗan, ga makirfo da ba ta isa ba. Fiyanon Yamaha mutum ɗaya ne ke zama a kansa ya fitar da ganga da sarewa da komai. Talauci ne ya zaɓa mana shi tun zamanin fim ɗin Sangaya, daga baya kunnen mutane ya saba har ya zama shi ne daɗin. Ni kaina na taɓa sa mai kalangu na gaske a wata waƙa, mai waƙar ya ce in cire, wai ta yi kama da ta tsofaffi. Ban cire duka ba, na rage masa murya na tura shi can baya.

Malamin Jos:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Baffa, akwai wanda ya shiga situdiyon Turawa ya ƙi awonsu, kuma ɗan ƙasar nan ne. Fela. Fayafayansa da yawa waƙa ɗaya ce a kowane gefe. Zombie na 1976, waƙar ta haura minti goma sha biyu, kuma sai an yi wajen minti biyar ana kiɗa zalla kafin ya buɗe baki. Jita biyu suna saƙa da juna, Tony Allen yana kan ganguna kamar mutum huɗu ne ke bugawa, ƙahonni su shigo su fita. Lokacin da zai fara kwaikwayon umarnin fareti, jikinka ya riga ya shiga sahu ba ka sani ba, kuma abin da yake zargin soja da shi ke nan, bin umarni ba tunani. Ban san wani faifai da ya sa mai sauraro ya ɗanɗani abin da ake zagi a jikinsa kamar wannan ba.

Kuma ya biya kuɗinsa. Ranar 18 ga Fabrairun 1977 sojoji kusan dubu suka afka wa gidansa na Kalakuta a Legas suka ƙone shi, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Ba na goyon bayan yadda ya tafiyar da rayuwarsa, ko kusa. Amma in na kunna Zombie ba na iya yin wani aiki a lokacin.

Mu a Jos kuma muna da Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015. Tsirkiya ɗaya a kan kuntigi, ɗan gwangwani da fata, ba 'yan amshi ba kowa. Waƙar Karen Mota ta ishe ni misali. Ya ɗauki mutumin da kowa ke yi wa tsawa a tasha ya mai da shi abin waƙa.

Direban Dogon Zango:
Allah ya saka maka Malam. Ni da karen mota na fara kafin a ba ni sitiyari. Wannan waƙar in ana yinta a tasha ba wanda yake magana.

Abu Sumayya:
'Yan uwa, ni na daina jin kayan kiɗa saboda abin da na fahimta a karatuna, kuma na san malamai sun yi saɓani, ba gardama na zo ba. Na shigo ne don tambayar ta shafe ni ta wata fuska. Abin da nake ji daga farko har ƙarshe shi ne Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, in an rera ta da murya zalla. Ita ma kashi-kashi ce, kowane da inda ya dosa, daga yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuwa halin duniya da mutuwa da kwanciyar kabari. Muna yara almajirai makafi ne ke rera ta a ƙofar gida, mu tsaya da kwanon sadaka a hannu mun manta da miƙawa.

Baban Hanifa:
Malam Abu Sumayya, mun gode, kuma amsarka tana kan hanya. Jeri ne mai farko da ƙarshe, wanda mai shi ya tsara.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga wannan gefen iyaka. Ina mamakin yadda 'yan uwanmu na Najeriya kuka san Jamaika da Indiya da Amurka, amma kiɗan da ke bayan katangarku ba ku waiwaye shi.

Ali Farka Touré, ɗan Mali, nake so in kawo. Mutane sun fi sanin Talking Timbuktu na 1994 da ya yi da Ba'amurke Ry Cooder, wanda ya ci kyautar Grammy. Yana da kyau, ban musa ba. Amma ni wanda nake ji ba tsallakewa shi ne Niafunké na 1999. Lokacin ya koma garinsu a bakin kogin Kwara yana noman shinkafa, ya ƙi fita, sai da aka kwaso kayan ɗauka da janareta aka bi shi can. Sai ya dawo daga gona ake aiki. Kana jin bambancin. A na farkon yana karɓar baƙi, a na biyun yana gida cikin mutanensa, ga ƙwarya, ga tafi, ga 'yar gogensa mai tsirkiya ɗaya da suke kira njarka. Turawa suna cewa yana kiɗan bulus irin na baƙaƙen Amurka, shi kuwa a wajensa nasu ne ya fito daga nasa. Duk Bahaushen da ya tashi da jin gurmi da kukuma, in ya ji jitar mutumin nan ba zai ji baƙunta ba. Ya rasu a watan Maris na 2006 yana magajin garin Niafunké.

A Nijar kuma akwai wani abu da duk muka tashi da shi ba mu san albam ba ne. Mamman Sani, mai kiɗa da ogan na lantarki. A 1978 ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa, kuma shekara da shekaru kiɗansa ake sakawa tsakanin shiri da shiri a rediyo da tele. Mu mun ɗauka sautin gidan rediyo ne kawai, kamar ba mutum ne ya yi shi ba. Sai a 2013 wani kamfani a Amurka, Sahel Sounds, ya sake buga shi, muka ga matasan Turai suna rububinsa. Ɗan Zoo Road, wannan naka ne musamman. Na'ura ce shi ma, mutum ɗaya ne a kanta, amma waƙoƙin gargajiya ya zuba mata, ya bar su suna tafiya a hankali. Baffa ya ce naku ba ya numfashi. Nasa yana yi.

Ɗan Zoo Road:
Yaya, yanzu na nemo shi ina ji. Ikon Allah. Kiɗan gangar da ke ciki ma na cikin ogan ɗin ne, irin wanda mu muke raina wa. Abin da na lura shi ne ba ya cika wuri. Mu da mun ga sarari sai mun cusa wani abu.

Ɗan Damagaram:
In ka gama ka nemi Tassili na Tinariwen, 2011, wanda suka ɗauka a cikin hamada a kudancin Aljeriya da jita marar lantarki. Sannan Bombino na Agadas da Mdou Moctar. Shi Mdou ma ta hanyar memori da bulutut waƙoƙinsa suka fara yawo daga waya zuwa waya, irin abin da kake kuka da shi, har suka kai shi Amurka.

Na Garwa:
Daga Kamaru. Ba wanda ya ambaci Thriller na Michael Jackson? Waƙa tara, 1982, ba ta yarwa ko ɗaya. Mu nan muna jin sa da wani alfahari daban, don amshin da ke ƙarshen waƙar farko daga Soul Makossa ta Manu Dibango aka ɗauko shi, ta 1972, har sai da aka yi sulhu da kuɗi.

Maman Ikram:
Thriller kam akwai ta yarwa. Wadda ya yi da Paul McCartney suna jayayya a kan budurwa, kullum sai na tsallake ta.

Na Garwa:
Hajiya, ai ita ce wurin hutawa kafin a shiga masu nauyin.

'Yar Omdurman:
Salamu alaikum dangi. Mu Hausawan Sudan kunnenmu biyu ne. Baffa, abin da ka faɗa game da makaɗan da ba su san agogo ba, haka Ummu Kulsum take. Alhamis ɗin farko na kowane wata take hawa dandamali a Alƙahira, rediyo na watsawa kai tsaye, waƙa ɗaya ta kai awa. Enta Omri ta 1964, wadda Muhammad Abdul Wahab ya yi wa kiɗa, sai makaɗa sun daɗe suna share fage kafin ta ce uffan. Ta kama baiti ɗaya ta maimaita shi, kowane karo da wata lanƙwasa daban, jama'a na ihu suna roƙon ta sake. A faifan ana jin ihun nasu, kuma ni a wajena yana cikin waƙar. In aka ba ni wanda aka yanke aka gajarta ba na karɓa.

Amma wanda ke sa ni kuka Muhammad Wardi ne. Ya bar Sudan bayan juyin mulkin 1989, ya yi shekaru goma sha uku a waje, ya dawo, ya rasu a Khartoum a 2012. Yanzu da yaƙi ya watsa mu, wasu Masar wasu Chadi wasu Kano, waƙoƙinsa na kewar gida sun zama wani abu daban. Da muna jin su ne a matsayin labarinsa shi.

Kuma ku sani, macen da ta fara waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, A'isha Falatiya, 'yar Hausawa ce, asalin iyayenta ƙasar Sakkwato. Dalilin da ya sa kiɗan Sudan yake shiga kunnen Bahaushe ba sallama, ma'aunin sautinmu ɗaya ne, mai hawa biyar, ba irin na Masar ba.

Baffa na Gusau:
Allah ya kawo muku zaman lafiya ɗiyata, ya maida kowa gidansa. Rediyon Kaduna ta sa mu san waƙoƙin Sudan tun muna samari, ba mu jin Larabcin amma muna bi.

'Yar Omdurman:
Amin Baffa, na gode.

Malamin Jos:
Amin. Bari in ƙara ɗaya da na san zai yi wa wasu nisa, Kind of Blue na Miles Davis, 1959. Ba waƙa a ciki ko kalma ɗaya, kiɗa biyar ne, an ɗauke su a zama biyu. Na daɗe ina jin jaz a matsayin hayaniya har na zauna da wannan. A kiɗan farko, So What, babbar jitar nan ta tsaye ce ke yin jagora, ta faɗi jimlarta, sauran su amsa mata da sauti biyu kacal. Ta sake faɗa, su sake amsawa. Da na gane jagora da amshi ne, sai ƙofar ta buɗe mini. Daga nan kowa ya karɓa ya yi nasa bayanin, Miles da 'yan kalmomi kaɗan, John Coltrane kamar wanda aka daɗe ana hana shi magana. Bai dace da mota ba, Direba, kada ka gwada. Na dare ne, bayan yara sun kwanta.

Direban Dogon Zango:
Na ji Malam. Ni dai a bar ni da Don Williams da Shata. Da asuba in gari ya fara wayewa Shata nake sawa, kalangun nan yana kore barci fiye da goro.

Ɗan Zoo Road:
Baffa, tambaya nake da ita tsakani da Allah. In ina so in zauna in ji Ɗanƙwairo yadda kuke jin sa, me zan saurara? Ni in na kunna sai in ji muryoyi sun hau kan juna, in kasa bin zaren.

Baffa na Gusau:
Madalla da tambaya. Kuskuren da kaka yi, kana jin shi da kunnen Shata. Wurin Shata, 'yan amshi gindin waƙa kawai suka riƙe, shi ya tafi yawonai ya dawo ya iske su nan inda ya bar su. Wurin Ɗanƙwairo da sauran makaɗan fada ba haka ba ne. Shi ya ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi ya saki, su su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da abin da bai faɗi ba, sannan a koma gindi tare. Kenan sun san waƙar kamar yadda ya san ta, an zauna an tsara ta gida kafin a zo fada. Ka samu waƙar da ya yi wa 'Yandoton Tsafe. Karon farko kada ka bi muryarshi ko kaɗan, ka bi 'yan amshi, ka ga inda suka shigowa. Karo na biyu ka bi kotso. Na ukku sannan ka saurari mai gidan.

Ɗan Zoo Road:
To Baffa. Akwai wadda aka ɗauka da kyau? Waɗanda nake samu duk shuuu ta yi yawa, kamar daga kaset na goma aka kwafo.

Baffa na Gusau:
Ina da kaset biyu da na saya tun kafin rasuwarshi a 1991, ba su sha rana ba. In kana da na'urar da za ta juye su cikin kwamfuta ba ta cinye mini zare ba, ka yi mini magana ta gefe mu shirya.